Tambaya da Amsa: Ranar Cunkoso a Kan Igiyar Zamiya

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru ne a kan sana'a guda, wato aikin jagoran igiyar zamiya, wadda wasu ke kira zif-layin. Ga wanda bai taɓa gani ba, igiya ce ta ƙarfe da ake ɗaurewa daga wuri mai tudu zuwa wurin da bai kai shi tsawo ba, a ɗaura wa mutum ɗamara a ƙugu da cinyoyi, a maƙala shi jikin wata 'yar taya mai gudu a kan igiyar, sai nauyin jikinsa ya sulale da shi daga wannan dandamali zuwa wancan. Babu inji a ciki, gangara ce take yin aikin. Da yake na shafe shekaru ina wannan sana'a kafin in koma rubutu, na zaɓi wasu daga cikin wasiƙun domin in amsa su daga abin da na gani da idona.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni matashi ne, kuma an ba ni damar fara aiki a matsayin jagora a wani wurin shaƙatawa mai igiyar zamiya. Abokaina suna ce mini na tsinci dami a kala, wai wasa ne za a riƙa biyana ina yi. Ina so ka faɗa mini gaskiya, yaya ranar da baƙi suka yi yawa take kasancewa, kuma mene ne ya fi wahala a cikinta?

AMSA: Ƙanena, abokanka sun hango ɓangaren da ake ɗauka a hoto ne kawai. Ranar cunkoso tana farawa tun kafin baƙo na farko ya iso, domin jagora ne mutum na farko da zai hau kowace igiya a kowace safiya, kuma kafin ya hau sai ya duba ta. Za ka bi dandamali ɗaya bayan ɗaya kana duba inda aka ɗaure igiyar, ko wani noti ya saki, ko tsatsa ta fara ci, ko wani sili daga cikin silayen ƙarfen da aka murɗa ya tsinke ya miƙe kamar ƙaya. A wurare da yawa ana shafa ɗan fenti a daidai inda matsi ya kama igiya, saboda in ta zame ko da kaɗan ne a gane daga alamar. Idan a jikin bishiya aka kafa dandamalin, bishiyar ma sai an dube ta, ko ta tsage, ko wani reshe ya karye cikin dare ya rataya a kan hanya. Daga nan sai kayan jiki: a bi ɗinkin kowace ɗamara da yatsa, a buɗe bakin kowace ƙugiya a sake shi a ji ya koma ya rufe da kansa, a juya kowace taya kusa da kunne. Taya mai lafiya shiru take juyawa, wadda yashi ya shiga cikinta kuwa za ka ji tana gurnani, kuma irin wannan ba ta fita aiki a ranar. Duk abin da aka duba sai an rubuta shi a littafin rajista an sa hannu.

Idan baƙi sun iso, yawanci jagorori biyu ne ke tafiya da kowace tawaga. Ɗaya yana wucewa gaba ya tsaya a ƙarshen igiya domin ya karɓi mutane ya kula da birki, ɗayan kuma yana tsayawa baya ya maƙala kowane baƙo ya sallame shi. Sau da yawa ba sa ganin juna, saboda nisa ko duhun itatuwa, don haka oba-oba ce idonsu. Mai sallama ba ya sakin kowa sai mai karɓa ya faɗa da bakinsa cewa igiya babu kowa kuma birki ya koma wurinsa, shi ma kuma sai ya maimaita abin da ya ji kafin ya saki. Wannan 'yar gajeriyar magana ita ce take tsakanin tafiya lafiya da karo, domin idan aka saki mutum alhali wani yana rataye a gaba, wanda ke tahowa ba shi da yadda zai kauce.

Ka yi lissafi da kanka. Tawaga mai mutum 10, wuri mai igiya 8, kuma a ranar cunkoso ka fita sau 4: sau 320 ke nan za ka maƙala ɗan Adam ka sake shi a sararin sama, ban da naka maƙalawar. A nan wahalar take. Tsayuwa a rana da hawan tsani da jan mutane duk suna gajiyar da jiki, amma jiki yana sabawa. Abin da ba a so ya saba shi ne hankali. Da safe, idan ka duba ƙugiya, ganinta kake yi da gaske. Da la'asar kuwa, a mutum na ɗari uku, hannu yana yin aikin shi kaɗai, ido yana kan ƙugiyar amma hankali yana wani wuri, kuma ba ka da yadda za ka gane hakan ta faru da kai sai wani abu ya farkar da kai.

Ni abin da ya farkar da ni ya faru ne a fita ta huɗu ta wata rana mai zafi, mun makara da kusan rabin awa, wata tawaga kuma ta riga ta taru a ƙasa tana jira. Wani dattijo mai barkwanci yana ba ni labari ina dariya, na ɗora tayarsa a kan igiya, na maƙala shi, har na kai oba-oba bakina zan ce ga shi nan tafe. Sai hannuna na hagu ya kai kan ƙugiyar ya matsa bakinta, kamar yadda aka koya mana, sai kawai ta buɗe. Ban murɗa makullinta ba. Igiyar kariya ta biyu tana jikinsa, kuma mai yiwuwa ne da ya isa lafiya ko da na sake shi a haka, amma gwiwoyina sun yi sanyi, na ce masa ya ɗan dakata, na sake komai daga farko. Shi bai ma lura ba, labarinsa ya ci gaba da bayarwa. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka cewa ba na hira lokacin da nake duba mutum, kuma kowane abu sai na taɓa shi da hannu na ambaci sunansa a fili: ɗamara, hular kwano, taya, ƙugiya a kulle, kariya ta biyu. Daga baya na ji cewa ma'aikatan jirgin ƙasa a Japan sun daɗe suna yin irin wannan, suna nuna alama da yatsa suna faɗar abin da suka gani da ƙarfi, domin dai kada sabo ya rufe musu ido.

Game da matsin lokaci kuwa, zai zo maka ta oba-oba, daga wanda ke kula da jadawali, kuma shi ma ba mugu ba ne, mutane ne suka cika masa gaba suna ƙorafi. Akwai inda ake rage lokaci ba tare da an cutar da kowa ba: a gajarta labarin itatuwa da tsuntsaye, a rage tsayawa ɗaukar hoto, a jera mutane tun kafin a iso kansu. Dubawa da jiran amsar mai karɓa ba sa cikin abin da ake ragewa. A ganina, wurin aikin da zai tsawata wa jagora saboda ya makara a kan dubawa, wuri ne da ya kamata mutum ya fara neman hanyar barinsa. Idan an gama da tawagar ƙarshe kuma aiki bai ƙare ba, sai an ƙirga kaya an shanya wanda gumi ya jiƙa, an ware duk wanda ake shakka a kansa an ɗaura masa alama don kada wani ya ɗauka gobe da safe, sannan a cike rajista da duk abin da ya faru, har da kuskuren da babu wanda ya gani sai kai.

TAMBAYA: Malam, ni dai raina ya ɓaci. Na je hawa igiyar zamiya tare da iyalina, sai aka ce lallai in hau sikeli kafin a ɗaura mini ɗamara, alhali na riga na faɗa musu nauyina. Ashe ba sa yarda da maganar mutum ne? Kuma igiyar ƙarfe mai kauri haka za ta kasa ɗaukar mutum ɗaya?

AMSA: Yallaɓai, ina ba ka haƙuri, kuma idan a bainar jama'a aka karanta nauyinka, wannan rashin tsari ne, domin wurin da ya san aikinsa yakan ajiye sikeli a gefe inda ma'aikaci kaɗai ke ganin lamba. Amma awon kansa ba zargi ba ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan aiki kimar ido ba ta isa, haka nan abin da mutum ya tuna daga awon da ya yi bara.

Ba tsinkewar igiya ake tsoro ba. Igiyar da aka fi amfani da ita kaurinta wajen milimita 12 zuwa 13 ne, kuma kafin ta tsinke sai an ɗora mata abin da ya kai kusan tan 10. Abin da ake aunawa shi ne gudu. Mai nauyi ya fi marar nauyi gudu a kan igiya ɗaya, saboda iskar da ke tare su ba ta yi masa tasiri kamar yadda take yi wa siririn mutum, don haka yakan iso ƙarshe da ƙarfin da birki zai yi aiki sosai kafin ya tsayar da shi. An ƙera kowane birki, ko na sifirin ne ko na maganaɗisu, domin ya tsayar da nauyi da gudu zuwa wani iyaka, kuma idan aka wuce wannan iyaka, mutum yana iya bugun birkin da ƙarfi har ƙafafunsa su yi sama su daki igiya, ko ya haɗu da jagoran da ke tsaye yana jiransa. Ƙari a kan haka, igiya takan ƙara yin ciki a ƙarƙashin mai nauyi, ta yadda tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa ko saman itatuwa takan ragu. Shi ya sa kowane wuri yake da mafi yawan nauyin da yake karɓa, da kuma mafi ƙaranci, tunda yaro marar nauyi shi kuma matsalarsa ita ce ba zai kai ƙarshe ba.

TAMBAYA: Na ga wani bidiyo inda wata mata ta tsaya cak a tsakiyar igiya, tana reto a saman kwari. Me ke jawo haka, kuma yaya ake yi da mutum idan hakan ta faru?

AMSA: 'Yar'uwa, wannan yana cikin abubuwan yau da kullum a wurin jagora, ko da yake ga wanda abin ya faru da shi ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Igiyar zamiya ba miƙe take sambal ba, tana da ciki a tsakiya, kuma ɓangaren ƙarshenta yakan ɗan hau sama, abin da ke taimakawa wajen rage gudu kafin a isa dandamali. Idan mutum bai zo da isasshen gudu ba, sai ya kasa haye wannan ɗan hawan, ya tsaya, wani lokaci ma ya gangaro baya zuwa inda igiyar ta fi yin ƙasa. Rashin nauyi yana jawo haka, iskar da ke busowa daga gaba tana jawowa, haka nan buɗe hannuwa da ƙafafu, domin jikin da ya baje ya fi tare iska a kan wanda ya dunƙule. A wuraren da baƙo ke taka wa kansa birki da safar hannu ta fata kuwa, tsoro ne babban dalili, sai mutum ya danne igiya tun tafiya ba ta yi nisa ba. Ko zafin rana yana da hannu a ciki, saboda ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ɗauki zafi, don haka igiyar da ka sani da safe ba daidai take gudu da tsakar rana ba.

Idan kusa da dandamali mutum ya tsaya, akan ce ya juya baya ya riƙa jan kansa da hannu bi da bi, ko a jefa masa igiya mai laushi a jawo shi. Idan da nisa ne, jagora zai fara sanar da abokin aikinsa cewa kada a saki kowa, sannan ya maƙala kansa ya fita kan igiyar, ya isa wurin baƙon, ya haɗa shi da jikinsa, ya jawo su duka biyun zuwa sama da ƙarfin damtse. Wanda ya yi wannan sau biyar a rana mai iska ya san abin da ake kira ciwon kafaɗa. Ana yin aikin cikin natsuwa amma ba a ɓata lokaci, saboda mutumin da ya daɗe a rataye cikin ɗamara ba ya motsi, jini yakan taru a ƙafafunsa har ya iya suma. Don haka za ki ji jagora tun daga nesa yana ta jan baƙo da magana, yana ce masa ya riƙa motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke. Abu ɗaya da nake roƙon duk wanda ya samu kansa a wannan hali shi ne kada hannunsa ya kusanci ƙugiya, kuma kada ya taɓa ɗora hannu a gaban taya.

TAMBAYA: Malam, 'ya'yana sun dame ni da roƙon in bar su su hau, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Shin abin nan yana da aminci, kuma ta yaya uwa za ta gane wurin da ya dace?

AMSA: Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Babu wani wasa da ake yi a sama wanda ba shi da haɗari ko kaɗan, amma sanin inda haɗarin yake fitowa yana taimakawa. A shekarar 2015, masu bincike na wani asibitin yara da ke birnin Kolombos a jihar Ohayo ta Amurka sun wallafa nazarin da ya ƙiyasta cewa daga 1997 zuwa 2012 an kai mutum kusan 16,850 sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin da suka samu a igiyar zamiya. Kusan kashi 77 cikin ɗari faɗuwa ce ta jawo, kashi 13 kuma karo ne, sannan kusan rabin waɗanda suka ji rauni yara ne 'yan ƙasa da shekara 10. Lissafin ya haɗa da igiyoyin da mutane ke ɗaura wa 'ya'yansu a harabar gidajensu, inda sau da yawa babu ɗamara, yaro yana riƙe ne da hannunsa kawai, kuma da zarar hannu ya gaji sai ƙasa.

A wurin da aka gina bisa ƙa'ida, kayan aikin suna da ƙarfi fiye da buƙata. Ƙugiyar da ake maƙala mutum da ita an ƙera ta ne ta ɗauki abin da ya kai wajen tan 2 idan bakinta a rufe yake kuma nauyin ya bi tsawonta. Sai dai idan bakin a buɗe yake, ko ta juya nauyi ya hau ta a kaikaice, ƙarfinta yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Kin ga ke nan amincin ƙarfen ma ya dogara ne ga hannun da ya maƙala shi. Akwai ƙa'idoji rubutattu na wannan sana'a, kamar na ACCT, ƙungiyar masu ginawa da gudanar da irin waɗannan wuraren wasa da aka kafa a Amurka a 1993, da ƙa'idar EN 15567 ta Turai, waɗanda suka tanadi yadda ake ginawa da dubawa da horar da ma'aikata, ciki har da binciken da ƙwararre yake yi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Shawarata ita ce ki isa da wuri ki tsaya ki kalli tawagar da ke gabanku. Ki lura ko jagora yana taɓa ɗamarar kowane mutum da hannu ko kallo kawai yake yi, ko shi kansa a maƙale yake duk lokacin da yake kan dandamali, ko yana jiran amsa ta oba-oba kafin ya saki mutum, ko ana sa masu dogon gashi su ɗaure shi a kuma cusa duk wani tufa mai reto don kada taya ta kama. Ki tambaye su yaushe aka yi musu bincike na ƙarshe, da kuma abin da zai tsayar da yaro idan birki na farko ya ƙi aiki, domin igiya mai gudu ya kamata ta kasance da birkin ko-ta-kwana a bayan na farko. Wurin da ya san abin da yake yi ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne. Daga ina wannan abu ya samo asali, kuma ina ne mafi tsawo?

AMSA: Kafin ya zama wasa, hanyar ƙetare ce. Mutanen da ke zaune a kwarin kogin Nu a lardin Yunan na ƙasar Sin sun daɗe suna ƙetare kogin a kan igiya, su da kayansu har da dabbobinsu, kafin gadoji su maye gurbin mafi yawansu. Irin wanda masu yawon buɗe ido suka sani yau kuwa ya bunƙasa ne a Kosta Rika, inda a shekarun 1970 masanin halittu Donald Perry ya riƙa amfani da igiyoyi domin nazarin rayuwar da ke saman itatuwan kurmi, sannan a shekarun 1990 aka mayar da dabarar harkar shaƙatawa. Daga cikin mafiya tsawo akwai ta dutsen Jabal Jais a masarautar Ras al-Khaima ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda aka buɗe a 2018 da tsawon kilomita 2.83. A arewacin Wels ta Birtaniya kuma akwai wadda ta ratsa saman wata tsohuwar mahaƙar dutse, inda gudu kan iya kaiwa kilomita 160 a awa ɗaya. A irin waɗannan a kwance ake rataya mutum, kai a gaba, kuma babu maganar taka birki da hannu, duk tsayarwar tana wuyan na'ura da ma'aikatan da ke kula da ita.

TAMBAYA: Malam, ni ma sabon jagora ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mutumin da zai zo bakin dandamali ya ƙame, ya ƙi gaba ya ƙi baya, ga mutane a bayansa suna jira. Wani abokin aikina ya ce in ɗan tura shi kawai, wai daga baya zai gode mini. Ya kake gani?

AMSA: Abokin sana'a, kada ka tura kowa. Na san ana yi, na kuma san wasu daga cikin waɗanda aka tura sukan iso ɗaya gefen suna dariya, amma mutumin da aka tura ba da yardarsa ba yakan kai hannu ya cafki abin da ya fi kusa da shi, kuma abin da ya fi kusa da shi igiya ce da taya mai gudu. Ban da haka, ya ba ka amanar ransa ne bisa sharaɗin cewa shi ke da ta cewa, sauran baƙin kuma suna kallon abin da za ka yi da wannan amana.

Abin da na ga yana aiki shi ne a raba tsoron gida-gida. Yawancin masu ƙamewa matakin farko suke tsoro, wato ɗaga ƙafa daga katako zuwa inda babu komai, don haka kada ka ce ya yi tsalle. Ka ce ya zauna a cikin ɗamararsa alhali ƙafafunsa suna kan dandamali, har ya ji da jikinsa cewa igiya ta ɗauki nauyinsa. Idan ya zauna, ka ce ya kalli dandamalin da ke can gaba, ya ja numfashi, sannan ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai ɗayar. Ka yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ka hana 'yan'uwansa yi masa ihu ko ƙirge, domin kunya tana ƙara ƙame mutum. Idan ya daɗe, ka matsar da shi gefe a maƙale, ka bar mutum biyu ko uku su wuce yana gani, sau da yawa shi da kansa zai ce ya shirya. Haka kuma ka riƙa lura tun a igiyar gwaji da ke ƙasa, saboda a can ake gane mai tsoro, kuma gara a sa shi na biyu ko na uku a jeri, tunda wanda aka bari a ƙarshe yana samun lokacin da tsoronsa zai girma. Idan duk da haka ya ce a'a, to a'a ɗin ce, sai a sauke shi ta tsani ko ta igiyar saukarwa cikin mutunci. Kuma in za ka ji ta tawa, mai tsoro bai cika ba ni wahala ba, domin yana sauraron kowace kalma. Wanda nake sa wa ido shi ne mai cewa ya sha hawa a wurare da dama, wanda ke ɗaga waya yana ɗaukar kansa hoto lokacin da ake bayani.

TAMBAYA: An taɓa dakatar da mu ana tsakiyar hawa saboda an ji tsawa daga nesa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Wannan ba wuce gona da iri ba ne?

AMSA: Ɗan'uwa, ko kaɗan. Yayyafi shi kaɗai ba ya hana hawa a wurare da yawa, ko da yake yana sa katako santsi, yana kuma rage kamun safar hannu a kan jiƙaƙƙiyar igiya. Tsawa kuwa wata magana ce daban, domin kana tsaye ne a wuri mafi tsawo a yankin, a maƙale da dogon ƙarfe mai ratsa sarari, kuma aradu tana iya faɗuwa da tazarar kilomitoci daga inda ruwa ke zuba. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa 3, don haka jagora yakan ƙirga daga ganin walƙiya zuwa jin rugugi, idan bai kai daƙiƙa 30 ba hadarin yana cikin tazarar kilomita 10 ke nan. Wurare da yawa ma ba sa jiran ƙirge, jin tsawa kawai ya isa a tsaya, sannan ba a komawa sai an yi minti 30 daga rugugin ƙarshe. Ka kuma tuna cewa sauke mutum goma daga dandamalin da ke tsakiyar daji, ɗaya bayan ɗaya, yana iya cin fiye da kwata na awa, don haka dole ne jagora ya yanke shawara tun sama tana da haske, lokacin da baƙi ke ganin babu dalilin tsayawa.